Gwamna ba ya shan ruwan burtsatsen unguwarmu

To, yau kwana huɗu ke nan, kuma har yanzu babu wanda ya ga komai. Madalla da mu. Farantan sola takwas na burtsatsen unguwarmu, kowanne ya kusa tsayin mutum, an hau saman tanki an kwance su ɗaya bayan ɗaya da sifana, an sauko da su, an loda a kura, an bi da su ta ƙofar masallaci, ta gaban mai shayi, ta gaban majalisar da ba ta watsewa sai biyun dare, amma duk faɗin unguwar nan an rasa mai ido ko guda. Ashe da makafi nake zaune shekara da shekaru ban sani ba. Mutanen da suka san ƙarfe nawa 'yar gidan wane ta shiga gida daga zance, suka san wanda ya yi wa matarsa sabuwar atamfa da kuɗinsa da wanda ya ci bashi ya yi, suka haddace lambar motar da ke tsayawa a ƙofar gidan bazawara, su ne a dare ɗaya aka ɗauke musu ji da gani.

Na yi ɗan rubutu shekaranjiya, ban kama sunan kowa ba, sai ga malaman sharhi sun yi sahu. Wani ya ce, "Malam, ai kayan gwamnati ne." Wani ya ce in je in fara kamo masu wawure biliyoyi tukuna. Wani kuma, wanda nasa ya fi ƙona min rai don na san shi na san karatunsa, ya ce wai talaka ne ya karɓi rabonsa na arzikin ƙasa. Rabonsa! Sannu da rabon gado.

Gwamna ba ya shan ruwan burtsatsen nan. Ɗan majalisar da ya sa aka haƙa ta, ya liƙa hotonsa a jikin tanki, ba ya sha. Ciyaman ba ya sha. Daren da aka kwance farantan nan babu ɗaya daga cikinsu da famfon banɗakinsa ya ƙafe. Wadda ta ji a jikinta ita ce tsohuwar bayan layinmu mai tuyar ƙosai, wadda yanzu kullum sai ta sayi jarka shida a wurin 'yan ga-ruwa daga cikin ribar da dama ba ta taka kara ta karya ba. Waɗanda suka ji a jikinsu su ne yaran da na gani jiya da sassafe, da kayan makaranta a jikinsu da bokitai a ka, sun nufi tsohuwar rijiyar bakin kududdufi, wadda muka daina sha tun shekarar da amai da gudawa ya shigo mana. Su aka yi wa sata. Wannan "talakan da ya karɓi rabonsa" bai taɓa ko silin gashin wani babba ba, uwarsa da ƙannensa ya daka.

Tunda yanzu kowa lauya ne a Facebook, bari mu yi maganar doka. Babu ranar da ba na ganin wani ya rubuta cewa kundin tsarin mulki ya ce tsaron jama'a da walwalarsu su ne babban dalilin kafa gwamnati. Gaskiya ne, yana nan a sashe na 14 na kundin 1999, kuma ni ma ina cikin masu ɗaga shi. Amma don Allah ku daure ku ɗan ƙara gaba kaɗan, a cikin babi na biyun nan dai, ku isa sashe na 24. Ba shi da tsawo, bai kai tsawon zagin da wasunku suka yi min a ƙarƙashin rubutuna ba. Shi wannan sashen ba da gwamnati yake magana ba, da ni da kai yake. Ya ce wajibi ne a kan kowane ɗan ƙasa ya mutunta darajar sauran 'yan ƙasa da haƙƙoƙinsu, ya zauna da su lafiya cikin 'yan uwantaka. Ya ce ya ba da gudummawa mai amfani ga cigaba da walwalar al'ummar da yake zaune a cikinta. A lura, al'ummar da yake zaune a cikinta aka ce, ba garin da aka yanke masa cibi ba, don haka masu cewa "ni baƙo ne a unguwar nan, haya nake" ku nemi wani uzurin. Sannan ya ce ya taimaka wa hukumomin da doka ta kafa wajen tabbatar da doka da oda. Akwai maganar girmama tuta da taken ƙasa, da kare ƙasa, da bayyana abin da mutum ke samu tsakani da Allah ya biya haraji a kan lokaci. Abu shida ne duka-duka.

Sashe na 14 mun haddace shi kamar Fatiha. Na 24 kuwa ko sunansa ba mu taɓa ji ba. Laifi tudu ne.

Na san abin da za a ce, an ma riga an faɗa. Wai kundin ai sojoji ne suka rubuta, ba mu ba. To, mun ji. Gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ce ta fitar da shi da dokar soja a watan Mayun 1999, kuma gabatarwarsa da ke cewa mu mutanen Najeriya ne muka tsara wa kanmu, an daɗe ana yi mata dariya. Amma da wannan kundin na soja kake neman beli in an kama ka. Da shi kake cewa kana da 'yancin faɗin albarkacin bakinka in ka zagi gwamna. Da shi ɗan takararka ya garzaya kotu da aka kayar da shi. Duk lokacin da zai ba ka abu, kundi ne mai alfarma. Ranar da ya ce ka buɗe baki ka faɗi wanda ya kwance sola, sai ka tuna na soja ne. Wanzami ba ya son jarfa.

Wani mai karatun lauya ya biyo ni ta akwatin sirri ya ce ai babi na biyu gaba ɗaya ba a iya kai ƙara kotu a kansa, sashe na 6 ya ɗaure hannun alƙalai. Na gode da ƙarin ilimi, haka ne. Shi ya sa gwamnati take kwance abinta: alƙawuran ilimi kyauta da kula da lafiya da ke cikin babin, ba ka da ikon ja mata riga a kansu a gaban alƙali da hujjar babin kaɗai. Mun shekara ashirin da ɗoriya muna kiran wannan yaudara. Yanzu kuma mu ma mun shige bayan katangar da suka ɓoye, mun ce tunda ba mai kai mu kotu ba za mu yi namu ba. An yi kunnen doki ke nan tsakaninmu da su. Sai dai su sun tashi wasan da rijiya a cikin gida da janareta, mu mun tashi da bokiti a ka.

Su kuma masu cewa manya ma sata suke, wallahi na gaji da ku. Wa ya ce ba sa yi? Ni na ce? Ku koma baya ku karanta abin da na rubuta da aka cire tallafin man fetur a 2023, ku ga ko na raga wa wani. Amma ku gaya min ta wace hanya satar babba take halatta maka ka hana maƙwabciyarka ruwan alwala. In ɓarawo ya shiga gidanku ya kwashe talabijin, sai kai kuma ka shiga ɗakin mahaifiyarka ka ɗauke tukunyar miya, ka ce ai an riga an fara? Kuma wannan babban da kuke zagi ba daga sama ya faɗo ba. Yaro ne da ya tashi a irin unguwarmu, ya ga ana kwance kayan jama'a dattawa suna kau da kai, ya ji ana kiran abin "kayan gwamnati", ya gane cewa abin da yake na kowa ba shi da mai shi. Ya girma, aka ba shi ofis. Darasin da muka koya masa yake bitawa, sifili kawai ya ƙara a bayan lissafin.

Wannan kalmar ta "kayan gwamnati" ita ce ta kashe mu. Ku tuna watan Agustan 2024, da aka fito zanga-zangar tsadar rayuwa. Yunwar gaskiya ce, fushin ma na gaskiya ne, ba na musun ko ɗaya. Amma a Kano me aka yi? An fasa cibiyar fasahar zamani ta hukumar sadarwa, wadda ko buɗe ta ba a kai ga yi ba, aka yi ta fita da kujeru da kwamfutoci a ka. An farfasa fitilun ba da hannu na kan titi. 'Ya'yan wa za su koyi sana'a a cibiyar? 'Ya'yan minista suna Ingila. Wa mota za ta kaɗe a mahaɗar da ba fitila? Gwamna da jiniya yake wucewa. Bayan wata biyu, a Oktoba, aka lalata manyan layukan wutar da ke tahowa daga Shiroro, Arewa ta kwana ta tashi cikin duhu kwanaki da yawa. Masu niƙa suka zauna, teloli suka zauna, masu walda da masu ƙanƙara suka zauna. A gidajen gwamnati ko ƙiftawa fitila ba ta yi ba. A Abuja har murafan kwalbatin kan titi ake cirewa a kai wa 'yan gwangwan. Wanda zai faɗa ramin da daddare ɗan acaɓa ne ko mai tafiya a ƙasa, ba mai jerin gwanon motoci ba. Ko ta ina ka juya lissafin nan, gwamna ba ya shan ruwan burtsatsen. Mu ne muke sha.

Kuma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yaron da ya hau tanki ba zai dafa farantin sola ya ci ba. Akwai wanda ya saya. Akwai wani mai shago, mai gemu da carbi, da aka kawo masa kaya tsakar dare a kan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinsu, bai tambayi rasit ba, ya ce Allah Ya kawo kasuwa. Akwai mai gidan da zai ɗora su a kan rufinsa yana murna ya samu araha, ya kunna fanka ya yi barci. Akwai mai kurar da aka ɗauka haya. Akwai uban da ɗansa ba ya aikin fari balle na baƙi, amma ya wayi gari da sabuwar waya, bai ce masa "daga ina" ba. Ku ƙirga, mutum nawa ke nan? Sata ɗaya, amma sai da rabin unguwa ta sa hannu kafin ta yiwu.

Yanzu bari in sauke murya, don akwai magana ɗaya da ba zan yi wa ba'a ba. Wani dattijo da nake ganin girmansa ya kira ni gefe bayan sallar isha'i ya ce, "Ɗana, ba rashin sani ba ne, tsoro ne. Ka kai rahoto yau, gobe a sako yaron, jibi ya tare ɗanka a lungu da wuƙa. Ko kuma kai mai kai ƙarar a mayar da kai abin tatsa, yau kuɗin mai, gobe kuɗin takarda." Na ce, "Baba, gaskiya ka faɗa." Ban iya ƙara komai ba a lokacin. Duk wanda ya taɓa zuwa ba da shaida ya wuni a kan benci ya san abin da tsohon yake nufi. Kundin da ya ce in taimaka wa hukuma, ya kamata hukumar ta zama wadda in na taimaka mata ba za ta bar ni a rana ba. Wannan bashi ne a wuyansu kuma ba zan daina bin su ba.

Amma Baba, da na koma gida na kwanta, abin da ya hana ni barci shi ne wannan: tsoron mutum ɗaya ne yake da hujja. Mu fa gida ya fi ɗari biyu a unguwar nan. Yaran ba su kai biyar ba. Muna da mai unguwa, muna da limamai uku, muna da 'yan sintirin da muke tara wa kuɗi duk wata. In mutum ɗaya ya je, za a tare shi a lungu. In mutum arba'in suka taka tare zuwa ƙofar mai unguwa, liman a gaba, wa za a tare? Da aka yi rikicin filin ƙwallo bara, cikin awa ɗaya muka cika motoci biyu. Da za a yi taron siyasa a raba taliya da sabulu, ko shela ba sai an yi ba. Ashe mun iya haɗuwa. Ruwan sha ne kawai bai kai a haɗu a kansa ba, don mata da yara ne ke ɗebowa, mu sai dai mu tarar da shi a buta.

Kuma ni ma ba zan wanke kaina ba. Shekara biyu da suka wuce, da aka yanke wayar taransifoma, na ji sunan da ake raɗawa. Ɗan abokina ne. Na yi shiru, na ce a bar kaza cikin gashinta, na biya kasona na kuɗin gyara na ɗauka na yi abin kirki. Yau ga shi sunan nan dai ake raɗawa. Da na yi magana a wancan lokacin, wataƙila da yanzu yaron yana wurin koyon sana'a yana jin haushina, tsohuwa kuma tana da ruwanta. Kunyar abokina na ji, ban ji kunyar unguwa ba. Don haka in na ce makafi, har da mai rubutun.

Masu cewa su ba ruwansu da kundin Nasara, shari'ar Allah suka sani, ku zo nan, da ku na fi son zama. A ƙarshen Suratul Baƙara an ce kada ku ɓoye shaida, wanda ya ɓoye ta zuciyarsa mai zunubi ce. Wannan ba Abdulsalami ne ya rubuta ba. Hadisin kawar da abin cutarwa daga hanya, yaran Islamiyya ma sun haddace. Labarin mutumin da ya ɗauki mayafi ɗaya daga ganimar Khaibara kafin a raba, aka ce mayafin yana ci da wuta a kansa, duk mun sha ji a wurin tafsiri. Mayafi ɗaya, daga dukiyar jama'a. To ina ga farantai takwas da suke shayar da marayu? Kun ƙi sashe na 24 don na boko ne, kun ƙi aya don ba ta zo daidai da son ranku ba. Ku faɗa mana wace doka kuke bi, mu huta.

Haraji kuwa ba zan matsa ba, don na san tarihinmu da shi. Kakanninmu sun ga wulaƙancin haraji da jangali, an ɗaure mutane a rana, wasu sun bar garuruwansu saboda shi, shi ya sa har gobe ake yi wa Abubakar Rimi da Balarabe Musa addu'a da suka soke shi a tsohuwar Kano da tsohuwar Kaduna zamanin PRP. Kuma talakan yau yana biya ko ya sani ko bai sani ba, duk katin wayar da ya saya akwai kason gwamnati a ciki, ban da rasit ɗin da ake yanka wa mai tebur a kasuwa. Ba da shi nake ba. Amma Alhajin da ke da shaguna goma da tireloli, wanda in ma'aikacin haraji ya zo sai a shiga da shi ciki a fito ana dariya, shi ne kuma ya fi kowa ƙorafin titin kasuwa ya lalace, wannan ya ji da kansa. Zaɓe ma haka. Mutum sama da miliyan 93 ke da rajistar zaɓe a 2023, waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba. Sauran suna gida suna jiran sakamako su fara tsinuwa. Kundin bai tilasta wa kowa fita ba, na sani, kada wani lauyan ya sake biyo ni.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Ban ce a doki kowa ba, kuma duk wanda ya ɗauki doka a hannunsa ba da yawuna ba, shi ma ya taka sashen da nake magana a kai. Na ce ranar Juma'a bayan an sauko, mu tsaya a ƙofar masallaci, mu taka gidan mai unguwa, a kira iyayen yaran, a kira mai shagon da ya saya, kaya su dawo ko kuɗinsu, in sun ƙi a miƙa su ga hukuma da sunan unguwa gaba ɗaya, ba da sunan mutum ɗaya ba. In an mayar da farantan a yi musu keji na ƙarfe a walde. Wanda ba zai zo ba, ya taimaka ya daina rubuta "Allah Ya isa tsakaninmu da shugabanni" na mako ɗaya kacal. Gwamna bai san an yi satar ba ma. Ba ya shan ruwan.

Af, tunda maganar taken ƙasa ta shigo ɗazu: tun da aka dawo mana da tsohon take a watan Mayun 2024, na lura a taron makarantar yarana malamai ma motsa baki kawai suke yi, yara na gaba suna rera sabo, na baya suna jan tsoho, ko kuwa na gaba ne ke tsohon, ni kaina na rikice wanne ne sabo wanne ne tsoho. Hedimasta ya ƙame kamar soja yana kallon sama. Ni ma baiti ɗaya na iya, daga nan sai gunguni. Kuma don Allah wanda ya ari tsanina na ƙarfe tun kafin azumi, ya ce zai gyara eriya ya dawo da shi da yamma, ina buƙatar abina. Ban zargi kowa da komai ba, amma tankin nan dai ba da fiffike aka hau shi ba.